Karya da Ƙarya

Shekara arba'in ina tsaye a kasuwar kifi ta Matosinhos,
hannuna ya san ƙanƙara fiye da ɗumin aljihu.
Ba a taɓa sayar mini da kifin jiya ba.
Sai na kalli idonsa, na danna cikinsa, na shinshina,
sannan a yi maganar kuɗi.

Amma da Farrusco ya mutu a ƙarƙashin teburin kicin
gidan ya yi mini faɗi.
Kwanonsa na nan a lungu, na kasa ɗaukewa.
Jikata Benedita ta miƙo waya:
"Kaka, dubi wannan."
Ɗan kwikwiyo a kan jan bargo,
kunne ɗaya a miƙe, ɗaya a kwance.
Ni mai duba idon kifi,
ranar hoto ne ya rufe nawa.

Mai shi ya ce sunansa Abílio, yana can Bragança.
Wai mutum uku na layi,
wanda ya riga ba da kafin alƙalami shi ke da kare.
Na tura yuro tamanin
tun shayina bai huce ba.

Washegari, kuɗin keji.
Bayan kwana biyu, inshorar hanya, wai za a maido.
Sannan wai yana kuka a tashar mota,
in ban biya kuɗin allura ba zai kwana cikin sanyi,
alhakinsa a wuyana.

A nan hancina ya farka.
Duk mai gaggauta ka, kifinsa ya fara wari.

Na ce, "Abílio, kira ni in gan shi yana motsi,
riƙe cokali kusa da kansa."
Ya ce kyamararsa ta fashe.
Na ce, "To, uwar fa?"
Ya ce tana wurin ƙanwarsa.
Karya na nemi gani,
ƙarya aka yi ta jera mini.

Benedita ta bi sawun hoton.
Ga shi a Sevilla, ga shi a Lyon,
bargon nan dai, kunnen nan dai, suna huɗu,
kwikwiyon da ya shekara shida bai girma ba.

Ni Graciete, da furfurata,
na yi cinikin biri a sama.
'Yan sanda suka rubuta, na sa hannu.
Tamanin dai ta bi teku.

Sai da inabi ya nuna na hau bas zuwa Penafiel.
Taɓo a bakin ƙofa, warin kare a tsakar gida,
uwar ta fito tana haushi, nonuwa a zube,
'ya'ya biyar na tuntuɓe a bayanta.
Na durƙusa duk da ciwon gwiwa.
Na buɗe baki na duba dasashi,
na leƙa kunne, na taɓa ciki, na shinshina.
Na karɓi katin allura, ga hatimin likita,
na buga masa waya ina tsaye a wurin.
Ya ce ya san su, har da mai taurin kan.

Ermelinda, mai gidan, ta fi ni tambaya:
ina da fili? wa zai fita da shi ranar da gwiwa ta ƙi?
Ta ce, "Ba a yaye shi ba. Ki dawo bayan mako uku."
Ko sisi ba ta nema ba.
Sai da yana hannuna, da ɗuminsa, da nauyinsa,
na ƙirga kuɗi, ta rubuta rasit.

Bai kai na hoton kyau ba.
Kunnuwansa duka a kwance suke,
ya cinye mini takalmi ƙafa ɗaya,
yana munshari a inda Farrusco ke kwana.
Na sa masa suna Oitenta,
wato tamanin a bakinmu.
Kullum da safe in na kira shi,
sai ya zo da gudu,
ba kamar waccan ba.